Jar saniyar Bakari a garken Jaye

Lantana, sakatariyar ƙungiyar makiyaya a Gangara, ta ware wa kowane mai garke dosiyensa a kwamfuta. Sai Baffa Jaye ya kawo hoton wata jar saniya. Ta Bakari ce, amma tana hannun Jaye habbanaye, wato aro har ta haifa masa maruƙa.

Lantana ta saka hoton a dosiyen kowannensu. Jaye ya leƙa, ya ce, "A'a, yaushe saniyar ta zama biyu?"

"Baffa, na'urar ce, komai sai da ɗakinsa."

"To, ajiye ta wuri guda, ki ɗaura mata igiya biyu, ɗaya zuwa ɗakin Bakari, ɗaya zuwa nawa. Ko na'urar taki ba ta san igiya ba?"

Lantana ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baffa. Yaya ake ɗaurin?"