Rahoto Bakwai

"Danna mana!" Manaja ya daka mata tsawa, har yawunsa ya fantsama a kan allon kwamfuta.

Injiniya ba ta danna ba. Tun safe take ɗakin na'urorin masana'antar, sanyi na ratsa ta har ƙashi. An ɗauko ta ne ta ɗora sabuwar babbar manhaja a kan uwar na'urar kamfanin, sannan ta girka rumbun bayanai a kanta. Aiki ne da take yi ido a rufe. Tambaya ɗaya ta rage a allo: a goge tsohon faifai, e ko a'a?

Tsautsayi ne ya sa ta leƙa cikin faifan. Rahoto bakwai ta tarar, duk daga Dogo mai kula da injin matse ƙarfe, yana kukan birkin injin ya lalace. Duk bakwai ɗin Manaja ya rufe su da kalma biyu: an duba. Shekaranjiya injin ya haɗiye Dogo har ƙirji, ya mutu nan take. Kuma ban da wannan faifan, babu inda rahotannin suke.

"Sai na kwafe bayanan tukuna, yallaɓai. Ƙa'idar aiki ce."

"Ƙa'idar banza!"

Ya fizge filas ɗin kwafar bayanai da ke hannunta, ya taka shi da dunduniyar takalmi, ya murɗe mata wuyan hannu yana jan yatsanta zuwa madanni. Mutumin da ya tarbe ta da murmushi da ƙamshin turare ke nan. Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ta dunƙule hannu ta ƙi buɗewa.

A waje ma'aikata sun fara farfasa tagogi saboda mutuwar Dogo. Sai ƙofa ta ɓalle, wani dattijo ya faɗo da guntun rodi a hannu, idonsa jajur. Mahaifin Dogo ne. Ya sauke wa Manaja rodin a muƙamuƙi, ya ƙara masa a gwiwa. Manaja ya zube yana tofar da jini da haƙori.

Dattijon ya juya ga uwar na'urar, akwatin ƙarfen da fitilunsa ke ƙyaftawa.

"Wannan ce? Ita ta fitar da takardar da aka nuna min, wai inji lafiya lau, ɗana ne ya yi ganganci?"

"Baba, tsaya! Don Allah saurare ni, a ciki akwai…"

Ya hankaɗe ta, ƙeyarta ta bugi bango. Kafin ta miƙe ya hau na'urar da duka. Wuta ta yi tartsatsi, allo ya mutu. Ya zaƙulo faifan ya aje a ƙasa, ya yi ta makarsa kamar mai fasa dutse, har ya koma ɓarɓashi. Sannan ƙarfinsa ya ƙare, ya durƙusa yana haki.

Daga inda yake kwance Manaja ya ɗago kai ya dubi ɓarɓashin. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya lumshe ido ya mayar da kansa ƙasa a hankali, kamar wanda ya samu matashi.

Dattijon ya share hawaye da bayan hannu. Sai yanzu ya ga jinin da ke bin wuyan Injiniya, kunya ta kama shi.

"Yafe min, 'yata. Maƙaryaciyar dai na gama da ita, yau zan iya barci. Me kike son gaya min ɗazu?"

Ta dubi rodin, ta dubi ɓarɓashin faifan.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Tashi in raka ka waje."