Jan Biron Malama Nevena

Malama Nevena ta ɗora yatsa a kan takardar sakamakon zaɓen majalisa da aka manna a ƙofar makarantar ƙauyen, ta bi layi har zuwa jam'iyya mai lamba goma sha huɗu, wadda 'yarta Radost ta yi wa takara. Sifili. Ta goge tabarau ta sake dubawa, sifilin bai motsa ba.

Shekara talatin da biyar ta koyar da lissafi a wannan ginin, ba mai koya mata ƙirga biyu. Ita ɗaya, mijinta Kolyo ɗaya. Ga shi da tsakar rana Radost za ta bugo waya daga birnin Sofiya ta ji ƙuri'a nawa garinsu ya ba ta.

Ta banka ƙofa, Kolyo na biye da ita sumui-sumui da burodi a hammata. Zahari, tsohon ɗalibinta da ya shugabanci rumfar zaɓen, ya ajiye kofinsa ya miƙe.

"Zahari, tun kana aji uku tarawa ke ba ka kashi. Ina ƙuri'u biyun gidana?"

"Malama, a gaban mutum bakwai aka ƙirga. Jam'iyyar magajin gari ta kwashe kusan duka, ɗaya kuma ta lalace."

"Wane sakarai ne ya lalata ƙuri'a?"

Zahari ya sosa ƙeya. "Doka ta ce da shuɗin biro kaɗai. To wani da ja ya yi alamar. Tsaf da ita, irin wadda kike yi mana a littafi in mun ci."

Hannunta ya kai aljihun rigar sanyi. Jan biron yana nan. Sai ta tuna: biron da ke cikin rumfar wani ya taune masa kai, ƙyama ta sa ta zaro nata. Kunya ta rufe ta har kunne. Amma malamar lissafi ko tana jin kunya kanta ba ya daina aiki.

"Ɗaya ka ce ta lalace?"

"Ɗaya tak."

Ta juya a hankali. Kolyo ya duƙufa kallon burodinsa kamar yau ya fara ganin burodi.

"Nevena, filin kiwon tumakina a hannun magajin gari yake," in ji shi. "Ya ce ko ƙuri'a ɗaya ta ɓulla wa jam'iyyar Radost, ya san gidan da ta fito."

"Ashe ya sani. To bari mu hutar da shi."

Ta fita ta tsaya gaban takardar. Mazan da ke zaune a bakin kanti suka zuba mata ido. Ta soke sifilin da ja, ta rubuta ɗaya ƙato, ta sa cikakken sunanta a gefe.

"Malama, takardar hukuma ce fa," Zahari ya ce daga bayanta. "Kuma ba abin da zai canza."

"Na sani, ɗan nan. Gyara nake yi. Je ka gaya wa maigidanka magajin gari ya zo ya karanta, shi ma ni na koya masa."

Waya ta yi ƙara a jakarta. Ta duba sunan, ta karɓi burodin daga hannun Kolyo, ta danƙa masa wayar.

"'Yarka ce. Ni ga tawa nan a ƙofa. Kai ka gaya mata inda ta biyun ta shiga."