Ajiyar Ba Ajimi

Ba Ajimi mai wankin hula ne a Kasuwar Kwastam, kuma duk layin an san shi da iya ajiya. Sau ɗaya ya taɓa shiga banki. Akawu ya miƙo masa takarda da biro, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, sai aka ce to ya dangwala yatsa a gaban jama'a. Ya ce ya manta wani abu a waje, bai sake komawa ba. Tun daga ranar duk abin da ke da daraja, gwangwanin madara yake shiga, a ƙarƙashin gadonsa.

A daminar 1987 hannunsa na dama ya fara nauyi, ga ciwon kai. A asibiti aka ce hawan jini ne, in ya yi wasa hannun zai shanye. Da hannun nan yake murza hula, ya ɗora ta a kan gungume, ya daidaita mata baki. Idan ya shanye, sana'a ta ƙare. Kowane wata yana zuwa ya sayo ƙwayoyin da aka rubuta masa, bai taɓa fashi ba.

Wata Laraba da hantsi, yana tsakiyar sa wa hula sitaci, sai ya kife cikin baho. Abokan sana'a suka kai shi gida a unguwar Moduganari a tasi. Matarsa Ya Gumsu ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarsu Naomi, malamar firamare, ta zo ta duba takardun asibiti.

"Baba, ina maganin?" in ji Naomi.

Ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa, har da ɗan alfahari. Ya Gumsu ta jawo gwangwanin ta buɗe. Ƙwayoyin wata huɗu ne a ciki, an jera su tsaf, an ɗaure da zare.

"Ba ka sha ba?"

"Ina sha mana, Malama. Ranar da kan ya matsa. Abu mai tsada haka a dinga haɗiye shi kullum kamar gyaɗa? Idan babban ciwon ya zo fa, me zan tarbe shi da shi?"

"Ai ga shi ya zo," in ji Ya Gumsu, "ya tarar da kai cikin bahon sitaci. Ka tashi ka nuna masa dukiyarka."

Naomi ta danne dariya, ta ɗaga ambulan ɗin maganin. "An rubuta a nan, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kullum. Wannan ba na jiran ciwo ba ne, Baba, na hana shi zuwa ne."

"Mai maganin ya faɗa, amma ai shi kasuwarsa yake ci."

"Likita ne ya rubuta."

Ba Ajimi ya shiga matsa yatsunsa da ƙyar. Biyu sun ƙi lanƙwasuwa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Nuna mini inda aka ce kullum," ya ce. "Ku mata bakinku ɗaya."

Naomi ta ɗora yatsansa a kan rubutun. Ya ƙura masa ido, ya girgiza kai. "Ɗan wannan zanen ne zai cinye mini ajiya?"

Da yamma suka mayar da shi asibiti, aka auna shi, likita ya yi faɗa. Gwangwani kuwa ya koma ɗakin Ya Gumsu.

Bayan sati uku yatsun suka saki, ya koma kasuwa. Sai dai ran nan Ya Gumsu tana wanki ta tsinci rabin ƙwaya a aljihun rigarsa, an naɗe shi a takarda. Washegari da safe ta tsaya a kansa da kofin ruwa.

"Haɗiye, Malam."

Ya haɗiye.

"Buɗe baki."

"Haba Gumsu, da furfurata?"

"Ɗaga harshe."

Ya ɗaga. Ta duba sosai, sannan ta miƙa masa shayinsa.