Kyandir Na Bakwai

…Talata, sha ɗaya ga Maris, 1958, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Saura awa uku da minti hamsin a fara watsa shirin kai tsaye, kuma Orrin Kessler, darakta, mai shekara sittin da uku, bai kama mutumin ba tukuna. Zai kama shi. Yau, a wannan gwaji na ƙarshe.

Takardar sallama tana aljihun kwat ɗinsa na ciki, an buga ta, ya sa hannu. Sunan Lyle Dabrowski ne a kai. Lyle mai kula da kayan wasa — shekara ashirin da biyu suna tare, tun zamanin dandali, tun babu wanda ya san akwatin talabijin. Idan kyandir na bakwai ya sake mutuwa yau, takardar za ta fito. Ya riga ya yanke. Ba ya yanke magana sau biyu.

Ta gilashin ɗakin sarrafawa yana kallon ƙasa: dogon tebur, kyandir goma sha biyu, Janar a kujerar tsakiya da lambobin gwangwani a ƙirji. Labarin ba mai wuya ba ne. Soja ya ƙwace wata ƙasa da babu ita a taswira; wata tsohuwa ta ba shi kyandirori, kowane minista da nasa; duk wanda zuciyarsa ta juya wa Janar baya, nasa zai mutu da kansa. Sai a fita da shi farfajiya. Sai a ji harbi. Ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin da shida, da tallan sabulu a tsakiya. Na bakwai na amininsa ne, wanda bai taɓa cin amana ba, don haka dole ya ci gaba da ci har daƙiƙar ƙarshe, in ba haka ba wasan ya zama shirme. Gidaje miliyan tara za su gani. Masu sabulu za su gani. Manyan gidan talabijin da ke bene na sha huɗu, waɗanda ke jira ya yi tuntuɓe su ɗora wani mai digiri a kujerarsa…

Babu sihiri a ciki, aikin hannu ne. Kowane kyandir da siririn bututu a ɓoye a gindinsa, ya bi ƙarƙashin tebur, ya ratsa bangon katako. A bayan bangon Lyle yana zaune da ƙwallayen roba goma sha biyu, kowace da lambarta. A matsa, iska ta fita, wuta ta mutu. To, wa yake matsa ta bakwai? Laraba. Alhamis. Juma'a. Litinin. Kyandir ba ya kashe kansa.

Sal mai fitilu aka fara kora, ranar Alhamis. An gan shi a cikin lif yana hira da wani daga cikin manyan bene na sha huɗu, har da dafa kafaɗa. Hirar me? Ya rantse zancen wasan ƙwallo ne, ya ambaci 'ya'yansa uku. Kowa yana da 'ya'ya idan an kama shi. Juma'a kyandir ya sake mutuwa, sai ta tabbata ba shi kaɗai ba ne — Dolores mai ɗinki, wadda ta rufe baki da hannu lokacin da wutar ta ɗauke. Dariya ce. Ta ce atishawa ce. Ta tafi ta bar allura a maƙale a hannun rigar Janar, ta ce Allah ya ba shi lafiya, kamar ta zo duba majinyaci… Litinin kuma ya mutu. Sauran wa, in ba mai ƙwallayen ba?

Ƙarfe huɗu da sha tara. An harbe minista na uku. Janar yana ɗaga kofi, hannunsa na rawa yadda aka koya masa, daidai, daidai. Orrin yana cire abin kunne, yana gaya wa mataimakiyarsa ta ci gaba da kiran kamarori. Ba ta ɗago ba. Babu mai ɗagowa a 'yan kwanakin nan idan ya shigo ɗaki. Cokula suna daina motsi a kofunan kofi. Ladabi ne. Ladabi ya dawo, shi ke nan.

Matakalar ƙarfe, ashirin da ɗaya, a kan yatsun ƙafa. Haka Mista Ainsworth ya koya masa a Boston, shekarar da aka dawo daga yaƙi: darakta na gaske ba ya zama a gaba yana kallon abin da aka shirya masa ya gani, yakan zagaya ta baya ba sanarwa, a tsakiyar wasa, lokacin da kowa ya ɗauka yana can. Ainsworth da sandarsa mai kan azurfa, da warin taba a gemu… ya kori mutum don ya yi fito a bayan labule, kuma ba a sake yin fito ba shekara tara. Wannan ce makarantar. Waɗannan na yanzu me suka sani? Taro. Takardu. Ra'ayin kowa.

Dogon lungu, sanyi. Ƙofar sauke kaya a buɗe kamar kullum, iskar kogi tana shigowa da ƙarar motocin titi. Can ƙarshe, 'yar ƙofar ƙarfe da ke ɓullewa daidai bayan bangon katako, taku huɗu daga kujerar Lyle. Laraba ya zo nan don al'ada kawai. Sauran ranakun don farauta. Kullum yana makara da ƙiftawar ido — yana turawa, ihun mataimakiya yana fitowa daga lasifika cewa na bakwai ya tafi, Lyle yana juyowa da fuskar marar laifi. Hannun mutumin yana da sauri. Ya san saurinsa. Ba shi ne ya gyara takobin da ya karye a gaban 'yan kallo ba tare da kowa ya lura ba?

Garin Buffalo, dusar ƙanƙara har gwiwa, motar kaya ta mutu, Lyle yana raba gurasarsa biyu yana ba shi ɓarin da ya fi nama — a'a. Ba yanzu ba. Ranar jana'izar Edith, matar Orrin, Lyle ne a kusurwar hagu ta akwatin, yana kuka fiye da mijinta… Shi ya sa. Wa ya san inda za a soke shi in ba wanda ya san inda yake ciwo ba? Jiya ma ya tare shi a bakin lif, hula a hannu, wai yana so su yi magana a kan kyandir ɗin nan, minti biyu kawai. Orrin ya ce masa ba ya sauraron bayani kafin ya ga hujja. Mai gaskiya yana neman minti biyu? Mai gaskiya aikinsa yake yi.

Kunne a jikin ƙarfe. Harbi na biyar. Janar yana tambayar amininsa me ya sa nasa bai ko girgiza ba. Yanzu. A hankali, faɗin ido ɗaya kawai…

Lyle yana zaune ya juya wa ƙwallayen baya. Ya fuskanci ƙofar. Hannayensa biyu a kan hularsa, kamar wanda 'yan sanda suka tsare, ƙwallo ta bakwai kuma an cire ta daga bututu, tana kan gwiwarsa. Sanyi yana wucewa ta gefen kunnen Orrin, yana ɗaga gashin wuyansa, yana kaɗa takardun da ke maƙale a bango, yana bi ta tagar fadar Janar, tagar da ba ta da gilashi —

Lasifika. Na bakwai ya tafi.

"Rufe mana ƙofa, ranka ya daɗe," in ji Lyle, ƙasa-ƙasa, bai sauke hannu ba. "Tun Laraba kake kashe mini wuta. Kai, Orrin, ko masu shara sun sani."

Ko masu shara. Tun yaushe? Sal ya sani, yana tsaye yana lissafa 'ya'yansa? Dolores — to dariyar ce, ko ba ita ba? Mutum arba'in a wannan ɗaki, babu ɗaya da ya buɗe baki… ɗaya ya buɗe, hula a hannu. A'a, ba zai yiwu ba, iska ba ta zaɓar lamba. Sai dai kujera ta bakwai ce a ƙarƙashin tagar, shi da kansa ya sa a matsar da ita can saboda kamara ta biyu. Wataƙila sun shirya ne. Sun bar ƙofar kaya a buɗe da gangan, sun san zai zo, sun san halinsa… sun san halinsa.

Yana sakin ƙofar, tana rufe kanta. Takardun bango sun kwanta. A can gaba wani yana ƙyasta ashana, Janar yana tambaya da muryarsa ta gaske ko a koma daga farko, amsar kuwa ta darakta ce. Lyle yana jira. Hannun Orrin ya shiga aljihun ciki, ya taɓa gefen takardar, mai kaifi, ya tsaya. Idan ya yaga ta a nan, gobe da wace fuska? Idan ya miƙa ta…?

Yatsun suna zamewa gefe, suna fito da ƙaramin littafinsa da fensir. A tsaye, a jikin bango, da rubutun nan nasa mai tsabta da aka koya masa da bulala:

Na buɗe ƙofa: sau biyar. Kyandir ya mutu: sau biyar. Waɗanda na kora: biyu.