Farfesun Kifin Fadama

Tun da aka yi wa Syahrani, matuƙin kwale-kwale a Banjarmasin, aiki a ƙafa, raunin ya ƙi rufewa. Sai yayarsa Rusmini ta iso da farfesun haruan, kifin fadama, wanda ya sha kurkum da citta, wai yana warkar da rauni.

"Yaya, ina shan maganin asibiti fa," in ji shi.

"Sha abinka, ka haɗa da wannan. Kai da ka girma a kogi, yau kifi kake yi wa yanga?"

Kullum sai ta kawo, yana ci yana gunaguni. Wata safiya ya kwance bandejin, ya ga sabuwar fata ta haɗe tsaf. Ya daɗe yana shafa wurin, baki buɗe.

"Ikon Allah!" ya ce a hankali. "Yaya, zo ki gani."