Kaset ɗin Adda

Zailani ya zalunci yayarsa Adda, ba sai an yi wa maganar kwaskwarima ba. Lauratu maƙwabciyarsu ce ta fara ganowa, ran wata Talata da la'asar, da ta shigo ta danna rikoda kamar kullum, sai muryar wani mai wa'azi ta cika ɗakin.

Adda ta buɗe ido a kan katifa. "Wa ke yi mini tsawa a ka?"

Wata bakwai ke nan tana kwance, tun da likitocin Dutse suka ce a koma gida a yi ta addu'a. Abin da ya rage mata kaset ɗaya ne da ta saya a kasuwar Shuwarin: wata makauniya ce ke waƙa da mandiri a kan ciwonta da Ubangijinta. Gefen farko kuka ne. Gefe na biyu sauƙi. Adda kan ji na farkon da hantsi, ta ajiye na biyun sai la'asar, lokacin da ciwon ke tasowa.

Lauratu ta sha ganin abin. Da mandirin ya fara, sai goshin Adda ya saki, ta lumshe ido, ta tafi. In ta dawo ta ce ta je rugarsu ta bayan Kiyawa. Wai an yi ruwa an ɗauke, shanu farare suna ratsa ta kamar hayaƙi, makauniyar na gaba tana jan ta da hannu, kuma babu inda ke mata ciwo.

Lauratu ta zaro kaset ɗin. An cusa takarda a ramukansa biyu, an naɗi wani abu a kai.

Zailani ya leƙo daga tsakar gida, carbi a hannu. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, shi kuma ya fi kowa zafi a unguwar.

"Ni ne, Adda. Kiɗa haramun ne. Fasa shi kuma almubazzaranci, shi ya sa na naɗa miki wa'azin mutuwa."

"Kai ne za ka ba ta labarin mutuwa?" in ji Lauratu. "Malam, ita da ke kwana da mutuwar?"

"Gyara mata lahira nake yi, Baba Lauratu."

Adda ta dube shi. Ita ta goye shi bayan rasuwar innarsu.

"Har gefe na biyun?"

"Duka."

Lauratu ta aika Shuwarin, mai kaset ya ce ya daina kawo irinsu. Ta gwada rerawa da kanta, tana buga murfin kwano, amma baiti biyu kawai ta riƙe. Adda ta yi murmushi.

"Muryarki kamar ta zabuwa. Ci gaba."

Kwana tara ta ƙara. Ba ta sake zuwa rugar ba. Kowace la'asar Lauratu na riƙe da hannunta tana jin yadda ƙasusuwan ke rawa. Ranar ƙarshe ta sa aka kira mijinta Ɗanmusa, ta yi masa magana ɗaya a gaban Lauratu, sannan ta yi kalmar shahada.

Da hantsi aka fito da ita. Iska na kaɗa ganyen dabinon ƙofar gida, duwatsun garin sun yi fari da rana. Zailani ya matso, ya miƙa kafaɗa zai ɗauki makara. Ɗanmusa ya dafa masa ƙirji.

"Ta ce ban da kai."

Maƙwabta suka ɗauki makarar. Zailani ya bi su a baya, hannu sake.