Akwatin da Evaristo Ya Dawo da Shi

Shekara talatin da ɗaya ina jan tasi a La Palma, babu kwanar da ban sani ba a tsibirin nan. Na sha ɗaukar Jamusawa masu sandunan hawan dutse, su baje taswira a cinya su ce mini ai daga Santa Cruz zuwa ƙauyenmu a Garafía tafiyar minti ashirin ce. Sai in ce to, Allah ya kai mu. Bayan awa ɗaya da rabi, mun sha kwana ta ɗari biyu, uwargida ta yi amai sau biyu, sai a naɗe taswira a yi shiru. Aikina ke nan, in tarbi baƙo a tasha in kai shi inda za shi. Sau ɗaya tak na kasa, kuma baƙon nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Evaristo ya tafi Venezuela ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ni na zauna. Ni na binne Baba, ni nake gyara rufi duk damina, ni nake kai Mama asibiti. Amma hoton da ke kan kabad ɗin falo na Evaristo ne, ya jingina da wata doguwar mota, ga tumbi ga gashin baki, yana murmushin wanda duniya ta yi wa daɗi. Kullum da safe Mama sai ta goge shi da bakin zaninta. Ni kuwa ko hoton lasisina ba ta taɓa neman gani ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Hoton ya kai shekara ashirin. Tun da ƙasar can ta rikice wasiƙu suka ɗauke, sai waya jefi-jefi, daga baya ita ma ta ɗauke. Mama ta kai tamanin da takwas, likita kuma ya ja ni gefe a watan Janairu ya ce zuciyarta ba za ta kai bazara ba. Ban gaya mata ba, amma ta sani. Abu ɗaya take roƙon Allah, ta ga Evaristo kafin ta tafi.

Ranar wata Juma'a na dawo na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa ba sanda.

"Selmo, ya bugo waya! Yana tsibirin Tenerife, wayar wani ya ara. Ranar Litinin zai hau jirgin ruwa na tsakar rana."

"Wace Litinin, Mama?"

"Litinin nawa gare ka? Wannan mai zuwa mana."

"Ranar Indiyanos ce fa. Gari a rufe yake, ko keke ba ya shiga."

"To ka shiga da ƙafa. Ko ƙafar ma sai an ba ta lasisi?"

Duk tsibirin nan babu wanda ya kai Mama ƙin wannan rana. Litinin ce ta gab da azuminmu na Kirista, ranar da mutanen Santa Cruz kaf suke saka fararen kaya da malafa, su ɗauki tsofaffin akwatuna da ƙatuwar sigari, suna kwaikwayon kakanninmu da suka dawo daga Cuba da dukiya suna hura hanci. Ana tsokanar juna, ana raba kuɗin wasa, ana watsa wa kowa farar hoda har sai uwa ta kasa gane ɗanta. Mama takan ce wanda yake da ɗa a hayin teku ba ya dariyar masu dawowa. Lokacin da Evaristo ya tafi abin bai girma haka ba, mu mutanen arewa ma ba ma sauka birni dominsa.

Ranar Litinin na saka fararen kaya kamar kowa, don in ka shiga da baƙi hodar ce za ta mayar da kai abin dariya. Na cire hoton daga firam na sa a aljihu. Na ajiye mota can saman gari, na gangaro da ƙafa ta cikin kiɗa da hayaƙin hoda. Kafin in kai tashar jirgi na zama fari fat har gira.

A can na haɗu da Chano, abokin aikina, mutumin da bakinsa ba ya hutu ko a jana'iza.

"A'a, Anselmo! Yau tsohuwa ta sake ka?"

"Yayana nake jira."

"Attajirin? Wallahi yau sai ya saya mana tsibirin nan mu huta da Jamusawa. Ungo, jiƙa maƙoshi."

Kofi ɗaya na giyar rake na sha. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗora wa giya laifi.

Jirgi ya iso, aka sauke gada, mutanen Tenerife suka ɓarke kamar an buɗe wa awaki garke. Ɗaruruwa, duk cikin farare, duk da malafa da akwati, sun zo biki. Ni dai idona yana neman mutum ɗaya mai ƙiba cikin kwat mai duhu, wanda zai tsaya gefe yana kare takalminsa daga hoda. Na ɗaga hoton ina dubawa ina duba fuskoki. Babu shi.

Can a ƙarshe wani tsoho ya sauko shi kaɗai. Siriri ne kamar sandar rake, kumatu sun faɗa. Farar rigarsa irin mai maɓalli har wuya ce, ta sha wanki har ta koma ruwan ƙwai, an yi mata guga da kyau. A hannunsa akwatin kwali ne ɗaure da igiya. Yara sun riga sun watsa masa hoda tun a kan gada, yana tafe yana ƙifta ido kamar wanda ya ɓata.

Chano ya dafe ƙirji. "Kai, jama'a! Wannan ya cinye gasar bana. Ku dubi akwati! Tsoho, a kabarin wa ka tono wannan?"

Mutane suka kewaye shi suna tafi. Na matsa ni ma, don gaskiya ban taɓa ganin shigar da ta yi kama da gaske haka ba.

"Ranka ya daɗe, barka da sauka!" in ji Chano, ya cire malafa ya rusuna har ƙasa. "Gonakin taba nawa aka baro? Ina zinariyar? A buɗe mana mu ga arziki!"

Tsohon ya ƙanƙame akwatin. Ya buɗe baki zai yi magana, ganga ta danne shi. Mu kuwa muka ɗauka duk cikin wasan ne, don haka ake yi, mai akwati ya yi ta noƙewa, jama'a su ƙwace, a buɗe a tarar da kuɗin takarda da sarƙoƙin roba. Chano ya fizge, igiya ta tsinke, akwati ya buɗe a ƙasa.

Riga biyu. Reza. Ledar magunguna. Wani ɗan ƙunshi a cikin jarida. Shi ke nan.

Wurin ya kece da dariya. Wata mata har da zama a ƙasa tana cewa wannan ya fi kowa basira, ya zo a matsayin wanda ya dawo hannu rabbana. Kowa ya jefa tasa. Ni kuma, da hoton mai tumbi a aljihuna da haushin shekara arba'in a cikina, na ji tawa ta zo mini a baki, mai daɗi, na sake ta da ƙarfi don kowa ya ji.

"Haba tsoho! Shekara da shekaru a hayin teku, abin da ka tara ke nan? Wallahi da ni ne, da in bari uwata ta gan ni haka gara in koma jirgin da ya kawo ni!"

Aka yi shewa. Na ɗaga gwangwanin hodata na juye masa a ka.

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa a hankali ya tattara rigunansa, ya kaɗe su, ya ninke. Da ya miƙe sai ya tsaya yana kallona, ya daɗe, idanunsa jajaye a cikin farar fuska. Na ɗauka hoda ce ta shiga masa ido. Ya ɗauki ƙunshin jaridar ya sa mini a hannu, ya rufe hannuna a kai da nasa.

"Ka yi gaskiya," ya ce. "Riƙe wannan."

Chano ya ce, "Ka ga, har da tsaraba! Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe!" Masu kiɗa suka taho suka raba mu. Na hango shi ya rungumi akwatin a ƙirji saboda igiyar ta tsinke, ya nufi wajen masu sayar da tikiti. Ban kawo komai a raina ba.

Na zauna a tashar har ƙarfe biyar. Na leƙa ɗakin jira, na tambayi masu tasi biyu da aka bari a bakin tasha, babu wanda ya ɗauki wani attajiri. Jirgin ya yi ƙugi ya juya Tenerife ina tsaye ina kallonsa. Na hau gari da ƙafa, na jefa ƙunshin a kujerar gaba, na kama hanyar arewa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a duk kwanonin nan raina fes yake. Ina ta shirya yadda zan ce mata, kin gani ko Mama, ɗan naki na hoto bai zo ba, ni dai da kika raina ga ni.

Rana tana shirin faɗuwa na iso. Tana zaune a kujera a bakin ƙofa, ta saka baƙar rigarta ta zuwa coci. Ta leƙa bayana, ta leƙa cikin mota. A ciki tebur a shirye, faranti uku, naman akuya da dankali, cuku gasasshe, da gofiyo, garin gasasshen hatsi, da ta kwaɓa da zuma da hannunta, irin yadda yake so yana yaro.

"Bai zo ba, Mama."

Ganin yadda fuskarta ta yi, duk maganar da na shirya ta gudu. Don in ɗan sa ta murmushi na koma mota na ɗauko ƙunshin.

"Ga tsarabar wani mahaukacin tsoho a tasha. Buɗe mu gani, ƙila zinariyar Cuba ce."

Ta warware jaridar. Mayafi ne shuɗi, mai araha, sabo. Da ta ɗaga shi wani abu ya faɗo a cinyarta, 'yar sarƙa da ƙaramin hoton Maryama na azurfa, ya sha hannu har fuskar ta shafe. Na san shi. Ina tsaye a tashar jirgin nan ranar da ta cire shi daga wuyanta ta rataya wa Evaristo, ta ce kada ya cire sai ya dawo ya mayar mata da hannunsa.

Na zauna a dakali. Farar rigar nan ashe ba shigar biki ba ce. Irinta mutanen Venezuela suke sakawa ranar aure da ranar girma, ita ce mafi kyau da ya mallaka, ya goge ta don ya gaida uwarsa.

"Ka gan shi," in ji Mama.

"Na gan shi."

"Ya gane ka?"

Na tuna yadda ya rufe hannuna da nasa. "Ya gane ni."

"To me ka ce masa, Selmo?"

Na iya yi mata ƙarya, na sha yi mata a kan maganar likita. Wannan na kasa. Na faɗa mata duka, akwatin, dariyar, hodar, da maganata kalma bayan kalma. Magana zarar bunu ce, na daɗe da sanin haka, amma ban san nauyinta ba sai da na maimaita tawa a gaban matar da na ambata a cikinta.

Washegari na hau jirgin farko. Kwana huɗu ina yawo a Tenerife, ni da nake taƙama babu hanyar da ban sani ba, ina hawa bas ina sauka kamar Bajamushe, ina nuna wa mutane hoton wani mai tumbi da babu shi a duniya. Na je coci-coci, na je gidajen kwanan marasa galihu, na je inda mutanen Venezuela suke taruwa. Lambar da ya bugo da ita ta wani fasinja ce da ya ara masa a filin jirgin sama. Har yau ban same shi ba. Mama ta rasu makonni bakwai bayan haka, da mayafin a kafaɗarta, ba ta bari an kaɗe hodar da ke jikinsa ba.

Ba ta taɓa zagina ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. A yammacin nan, da na gama faɗa mata, ta daɗe tana murza sarƙar a tafin hannunta. Sannan ta juya ta kalli tebur, ta kalli faranti na uku.

"Ka ce ya rame?"

"Ya rame, Mama."

"Tun safe yana hanya," ta ce. "Ko ka lura, Selmo, ya samu ya ci wani abu?"

Ban lura ba.